Ɗan Tsakon Da Ba Zai Tashi Ba

Kowace shekara da zarar damina ta ɗauke, kaka ta shigo, sai ka ga gidajen masu bi da yawa sun shiga neman 'yan tsaki. Lissafin ba wuya gare shi ba. Wanda ya sayi tsakin turawa na nama a ƙarshen watan Oktoba, in Allah ya yarda kafin Kirsimeti sun isa yanka, gama irin waɗannan kaji mako 6 zuwa 8 ya ishe su. A yanka biyu ko uku a gida ran idi, a kai wa fasto ɗaya, a sayar da saura domin kuɗin makarantar yara na watan Janairu. Albashin malamin makaranta kuwa, kun san yadda yake, ba ya kai wata. Saboda haka ni ma ina cikin masu wannan lissafi, yau shekara takwas ke nan.

Ana yawan magana a kan abincin kaji, da ginin akurki, da allurar rigakafi. Amma akwai abu guda wanda kowane mai kiwo zai gamu da shi ko ya so ko ya ƙi, ban kuwa taɓa jin an tayar da maganarsa a taron maza ko a zumuntar mata ba. Watau abin da mutum zai yi sa'ad da ya iske ɗan tsako ya ji ciwon da ba zai warke ba, ga shi bai mutu ba, ga shi kuma ba zai rayu ba. Magana ce marar daɗi, na sani. Ni dai na koye ta ne da kunya, shi ya sa nake so in rage wa wani wannan kunya.

A shekarata ta biyu ta kiwo na sayo tsaki 50 'yan kwana ɗaya, na zuba su a ɗan ɗakin ajiya da ke bayan madafa. Ran kwana na huɗu ƙaramar 'yarmu, lokacin tana aji biyu na firamare, ta shiga ta ba su ruwa. Da za ta fita sai ɗaya ya biyo ta, ta jawo ƙofa ba ta gani ba, ƙofar ta matse shi a ƙugu. Ta zo wurina a guje tana kuka, tana riƙe da shi a tafin hannu. Ƙafafunsa biyu suna lilo kamar zare, amma idanunsa a buɗe, yana ta ɗan kukansa.

Ta ce, "Baba, zai warke?"

Na ce mata zai warke. Tun ina faɗa na san ba gaskiya ba ce.

Muka sa shi a ƙaramin kwali, muka shimfiɗa masa tsumma, muka ajiye kusa da fitila. Safe da yamma ina tsoma bakinsa a ruwa. Ba ya iya tsayawa, ba ya iya kai kansa wurin abinci, kashinsa yana manne masa a jiki. Uwargida ta ce mini, "Malam, wannan fa wahala kawai yake sha." Na ce a bar shi tukuna, rai na Allah ne. Haka ya kwana uku. Da safiyar kwana na uku na buɗe kwalin, na iske cinnaku sun rufe shi har cikin idanu, shi kuwa yana da sauran numfashi.

A ranar ne malamin dabbobi na yankinmu ya biyo domin mu shirya ranar rigakafi. Na nuna masa. Ya tambaye ni tun yaushe yake haka, na faɗa masa. Bai ce kome ba, sai ya ɗauke shi ya zaga bayan ɗaki, kafin in iske shi har ya gama. Sa'an nan ya ce, "Malam, ƙashin bayansa ne ya karye, ba mai ɗora shi. Da tun ran farko ka yi masa abin da na yi yanzu."

Na daɗe ina tunanin wannan. A ganina tausayi ne ya hana ni. Da na bincika zuciyata sosai sai na ga kaina nake tausayi, ba na so hannuna ya yi abin, ba na kuma so in ga hawayen yarinya. Ɗan tsakon ne ya biya kuɗin jin daɗina da kwana uku na azaba. Littafin Karin Magana sura 12 aya 10 ya haɗa adalcin mutum da yadda yake lura da ran dabbarsa, a ayar nan kuma an nuna akwai irin jinƙan da ƙarshensa mugunta ne. Na koyar da ayar a aji ba sau ɗaya ba, ban taɓa zaton tana da magana da kwalin da ke bayan madafata ba.

Waɗanda ke da magani

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk ɗan tsakon da ya yi laushi a kashe shi. Ko kusa. Da yawa daga cikin waɗanda muke yanke wa ƙauna suna tashi idan an ba su abin da ya kamata da wuri, kuma yawancin abin da ya kamata ɗin yana cikin gida.

Na farko shi ne sanyi da gajiyar hanya. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai bayan kwana 21, da sauran gwaiduwa a cikinsa wadda za ta riƙe shi kamar kwana uku, shi ya sa ake iya ɗauko su a mota daga nesa ba ci ba sha. Amma ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa sai gashinsa ya fito. A makon farko yana bukatar zafi na digiri 32 zuwa 35 a inda yake kwana, a riƙa ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ya dubi tsakin da kansu. In sun cure wuri ɗaya a gindin fitila suna ta kuka, sanyi suke ji. In sun gudu sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa. Wanda ka iske ya kwanta shiru, ƙafafunsa da sanyi, ka ɗauke shi ka sa a tsumma kusa da ɗumi, ka jiƙa sukari kaɗan a ruwa mai tsabta, ka tsoma ƙarshen bakinsa a ciki ya haɗiya da kansa. Kada ka ɗura masa, gama ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi ya shaƙe shi. Sau da yawa cikin sa'a biyu ko uku sai ka ga ya miƙe yana neman abinci. Masu ɗumama ɗaki da kaskon gawayi kuma su bar kafar iska, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe tsaki, yana kashe mutum ma.

Akwai kuma wanda kashi ya bushe ya toshe masa dubura. Wannan yana iya mutuwa a kan abin da ruwan ɗumi da tsumma za su gyara cikin minti biyar. A jiƙa wurin har ya yi laushi, a share a hankali kada a fizge, a busar da shi, a ɗan shafa man gyaɗa.

Wanda ya fi ruɗin mutane shi ne mai tagangana, wanda ƙafafunsa suka buɗe, ɗaya gabas ɗaya yamma, yana jan ciki. Ganinsa kamar ya gama, amma sau da yawa laifin shimfiɗa ne. Mutane suna shimfiɗa wa sababbin tsaki jarida ko leda ko kwali mai santsi, ƙafar ba ta samun abin kamawa sai ta zame. A sauya shimfiɗar da buhun algarara ko ɓuntun shinkafa ko garin katako. A sami zaren ulu ko filasta a ɗaure ƙafafun biyu a ƙasan gwiwa, a bar tsakani daidai faɗin jikinsa, kada a matse har jini ya tsaya. A riƙa kai shi wurin ruwa, a kuma lura kada ya faɗa ciki. In an yi wannan tun a kwana na farko ko na biyu, cikin kwana uku ko huɗu yakan tsaya. Na yi wa shida haka a shekarun nan, huɗu sun tashi har an ci su. Yatsun da suka nannaɗe ciki kuma sau da yawa rashin bitamin B2 ne a abinci, akwai garin bitamin na kaji da ake zubawa a ruwa, yana taimako in ba a makara ba.

Ƙaramin rauni, kamar inda 'yan'uwansa suka tsattsage shi ko inda waya ta karce shi, a wanke da ruwan gishiri, a shafa shuɗin maganin nan na ciwo, a ware shi. Dole a ware, domin kaza in ta ga jini ba ta barinsa. Zawo mai jini a tsakin mako 3 zuwa 6 shi ma yana da magani a shagon maganin dabbobi, ana kiransa amfuroliyam, amma sai an busar da shimfiɗa, gama a jiƙaƙƙen wuri ƙwayar cutar take yaɗuwa.

Waɗanda ba su da shi

Ga kuma waɗanda jira ba ya ƙara musu kome sai wahala. Wanda aka taka ko ƙofa ta matse har baya ko ƙugu ya karye. Wanda cikinsa ya fashe hanji ya fito, ko shirwa ce ta yar da shi, ko ɓera ya ci gefensa, ko kuwa haka ya fito daga ƙwai cibiyarsa a buɗe. Wanda karayarsa ƙashi ya huda fata. Wanda wuta ta ƙone sosai. Wanda aka ƙyanƙyashe ba idanu, ko bakinsa ya saɓa kamar almakashi har ba ya iya tsince. Irin waɗannan ba a kwana da su.

Akwai ciwon cibiya kuma, wanda yakan kama su a makon farko in wurin ƙyanƙyasa ba shi da tsabta. Cikin ya kumbura ya yi laushi, cibiyar ta yi ja ko baƙi, in ka kai hanci ka ji wari. Gwaiduwar da ta kamata ta ciyar da shi ce ta ruɓe a ciki. Wanda ya kai ga wari da wuya ya tashi.

Sauran da ke tsakani fa, waɗanda mutum bai tabbata ba? Ni ga yadda nake yi. Ina ware shi, in ba shi ɗumi da ruwa da abinci a kusa, in ba shi kwana ɗaya zuwa biyu. Sa'an nan in yi wa kaina tambaya uku. Yana iya tsayawa? Yana ci yana sha da kansa? Yau ya fi jiya? In amsar duka uku a'a ce, na san abin da ya rage. Ranar da na ware shi nake sa masa wa'adi, in faɗa wa uwargida, domin na san halina, in ban faɗa wa kowa ba sai in yi ta cewa gobe.

Sa'ad da ɗaya zai ja wa saura

Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Rauni na mai shi ne kaɗai, amma cuta mai yaɗuwa ta garke duka ce, har da kajin maƙwabta.

Babbar annobar kajinmu ita ce wadda likitocin dabbobi suke kira Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gane ta wajen 1926, a lokaci guda da tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya. A ƙasarmu ta fi tashi da hunturu, daidai lokacin da muke kiwon Kirsimeti, lokacin da kaji suke ta yawo daga kasuwa zuwa kasuwa. Kaza ta saki fukafukai kamar ta yafa bargo, ta yi ta haki, zawonta ya yi kore, daga baya wuya ya murɗe ta riƙa juyi wuri ɗaya. In ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan duka. Sai Gumboro, ita ma sunan wani ƙaramin gari ne a jihar Delawaya ta Amurka inda aka fara ganinta, tana kama tsaki musamman daga mako 3 zuwa 6, su yi farin zawo mai ruwa, gashi ya tashi, su yi ta tsattsagar duburarsu. Akwai kuma ciwon shanyewar ƙafa mai sunan Marek, wani likitan dabbobi na ƙasar Hangari da ya bayyana shi a 1907. Shi ya fi kama waɗanda suka ɗan tasa, ka ga kaza a kwance ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Wadda ta kai haka ba ta komowa.

Dukan ukun nan ba su da magani, sai rigakafi. Ina faɗin wannan da ƙarfi domin na ga yadda muke ɓarnar kuɗi. Kaza ta kamu, sai a fasa kafso mai ja da rawaya a ruwa, a daka barkono, a jiƙa ɓawon maɗaci, a yi ta ɗura mata. Kafso yana kashe wani irin ƙwayoyin cuta, amma ba ya taɓa irin waɗanda ke kawo waɗannan uku. Duk kwanan da mai cutar ta ƙara a cikin garke tana zuba ƙwayoyin a ruwan sha da abinci da iska. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana yin rigakafin Niyukasil da na Gumboro. Cikinsu har da wani na Niyukasil mai suna I-2 wanda yake jure zafi fiye da saura, ana ɗiga shi a ido, an yi shi ne domin kajin gida na ƙauye, ana maimaitawa kamar kowane wata huɗu. Na Marek kuwa a wurin ƙyanƙyasa ake yi ran da suka fito, saboda haka mai saye ya tambaya.

Akwai abin da wasu suke yi wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Mutum ya ga kajinsa sun fara sakin fiffike, sai ya kwashe masu sauran ƙarfi ya kai kasuwa da sassafe ya karyar. Ya tsira da rabin kuɗinsa, amma ya sayar wa wata gwauruwa annobar da za ta share mata akurki. In da wani ya yi mana haka da mun kai ƙararsa wurin dattawa.

Amma a lura da wannan ƙwarai. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, jiya lafiya yau gawa goma, fuska a kumbure, tukku ya yi shuɗi, kada mai gida ya kama yanka da kansa. Mai yiwuwa murar tsuntsaye ce. An fara tabbatar da ita a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, a farkon 2007 kuma ta kashe wata mace a Legas, tun daga nan tana komowa lokaci lokaci. Tana kama mutum ta wurin taɓa kaji masu ciwo da fige su da yanka su. A rufe ɗakin, a hana yara shiga, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan.

Yadda ake yi

Abin da ake nema shi ne ya mutu nan take, kafin ya san abin da ke faruwa. Hanya biyu ce mai kiwo a gida yake da ita, likitocin dabbobi kuma sun yarda da su ga ƙananan tsuntsaye. Ko a raba wuya da kai, ko a cire kan gaba ɗaya da sara guda.

Ka shirya kome tukuna kafin ka ɗauko shi. Ka haƙa ramin, ka ajiye ruwa da sabulu, ka zaɓi wurin da sauran kaji da yara ba sa gani. Ka ɗauke shi a hankali ka rufe shi da tafin hannu har ya natsu. Ba amfani a riƙe shi ana ta jinkiri, yana jin bugun zuciyarka kana jin nasa.

Ga ɗan tsako na kwana ɗaya zuwa mako biyu, wuyansa bai fi tsinke ƙarfi ba. Ka riƙe jikinsa a hannu ɗaya, ka ɗora wuyansa daidai gindin kai a kan kaifin gefen tebur ko benci, ka danna da babban yatsa da ƙarfi sau ɗaya har ka ji ƙashin ya rabu. Wanda hannunsa ba zai iya wannan ba ya ɗora shi a kan katako ya cire kan da wuƙa mai kaifi ƙwarai ko babban almakashi mai kaifi. A nan sai a bambanta da yankan da muka saba. Yankan kazar miya maƙogwaro da jijiyoyi ake yankewa a bar jini ya tsiyaye, tana kuwa ɗaukar lokaci kafin hankalinta ya gushe. Ga ɗan tsako mai ciwo ba nama ake nema ba, saboda haka a cire kan duka, sara ɗaya. Wuƙar da ba ta da kaifi kada ta zo kusa.

Ga wanda ya tasa, daga mako uku zuwa sama, ka kama ƙafafunsa biyu da hannun hagu ka tokare a cinyarka, kansa yana ƙasa. Ka sa yatsa manuni da na tsakiya na hannun dama a bayan kansa, wuyan yana tsakaninsu, ka ɗan tanƙwara kan baya. Sa'an nan ka ja ƙasa da ƙarfi, ja ɗaya, har ka ji wuyan ya saki. Kuskuren da masu farawa suke yi shi ne ja da rabin zuciya, su ji masa ciwo bai mutu ba. In ka yi niyya ka yi da dukan ƙarfin da ya kamata, ko da kan zai fita gaba ɗaya ba laifi, ya fi a sake. Wannan hanya ta fi wuƙa in ana zaton cuta mai yaɗuwa ce, gama jini ba ya zuba. Amma tana da iyaka. A dokar ƙasashen Turai ba a yarda a yi ta da hannu ga tsuntsun da ya wuce kilo 3 ba, domin wuyan babban zakara ko talotalo ya fi ƙarfin yatsu.

Bayan an gama, jikin zai yi ta fiffika da shure-shure, wani lokaci har minti ɗaya ko fiye. Wannan shi ne ya fi tsorata mutane, su zaci sun yi kuskure. Jijiyoyi ne kawai suke motsi bayan sun rabu da ƙwaƙwalwa, kamar yadda wutsiyar ƙadangare take yi in ta gutsure. Ka riƙe shi har ya lafa. Sa'an nan ka tabbatar. Ka taɓa wuyan ka ji gurbi tsakanin kai da ƙashi, ka duba ba numfashi, ka taɓa ƙwayar ido ka ga ba ya ƙiftawa. In akwai shakka ka sake nan take.

Wanda bai taɓa yi ba, ya roƙi malamin dabbobi ko wani tsohon mai kiwo ya nuna masa, ya kuma gwada hannunsa a kan wanda ya riga ya mutu. Wanda kuma ya san zuciyarsa ba za ta iya ba, wannan ba abin kunya ba ne, sai dai ya san tun yau wane maƙwabci zai kira, kada ya tsaya neman mutum ran da abin ya faru.

Hanyoyin da muka fi bi kuwa, domin ba sa bukatar mu kalla, su ne mafi muni. A jefa shi a masai da rai. A wurga shi bayan katanga ko kan juji, rana da cinnaku su ƙarasa. A ƙulle shi a leda. A nutsar da shi a bokiti. A binne shi yana motsi. A miƙa wa kare ko kyanwa, wanda ban da azaba yana koya musu cin tsaki. A kama kai a yi ta wulwulawa kamar majajjawa. Duk waɗannan na gan su da idona, ɗaya daga ciki ma, watau na juji, na yi shi ina yaro.

Gawar kuma kada a yar. A binne ta a rami mai zurfin ƙafa biyu ko uku nesa da rijiya, a zuba toka ko farar ƙasa, a danne da dutse saboda karnuka, ko kuwa a ƙone ta ƙurmus. Kada a ba alade ko kare. Kazar da ciwo ya kama ba ta shiga tukunya, ko da ta girma, ko da ana ganin asara. A wanke hannu da wuƙa da katakon da sabulu, a ƙone kwalin da tsumman da ya kwanta a kai. In za a duba kaji, a fara da masu lafiya a ƙare da na ware, kada a juya.

Maganar yara

Mu Hausawa muna cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, yaranmu kuma sun saba ganin ana yanka kaza tun suna goye. Amma ɗan tsako dabam ne a wurinsu, musamman wanda suka yi jinya har suka sa masa suna. A makaranta na lura yaro yana iya ɗaukar gaskiya mai zafi fiye da yadda muke zato, abin da ba ya mantawa shi ne ƙaryar da babba ya yi masa. Ƙananan kada su kalla. Amma kada a ce musu ya gudu ko shirwa ta ɗauke. A ce ciwonsa ba ya warkewa, yana shan wahala, Baba ya hutar da shi. Waɗanda suka kai shekara goma sha biyu ko sama, in suna taimako a kiwon, ya kamata su san dalili, su ga yadda ake yi da natsuwa ba da wasa ba, gama gobe su ne masu akurki. Yaron da aka kama yana wasa da ran tsako kuwa, ko da mai mutuwa ne, a tsawata masa sosai.

Ran nan da yarinyar ta komo daga makaranta ta tafi kai tsaye wurin kwalin. Na zaunar da ita na faɗa mata abin da malamin dabbobi ya yi, na kuma faɗa mata cewa tun ran farko na san ba zai warke ba, ban faɗa mata gaskiya ba. Ta yi kuka, ta tambaye ni ko ita ce ta kashe shi. Na ce ƙofa ce ta ji masa ciwo, kwana ukun da ya sha wahala kuwa laifina ne. Muka binne shi a gindin zogale. Washegari na sami katako mai tsawon taƙi ɗaya na kafa a bakin ƙofar daga ciki, yadda mutum zai tsallake amma tsako ba zai iya biyo shi ba. Cikin 50 ɗin nan 44 suka kai Kirsimeti. Yanzu ita ce mai ɗaure ƙafar masu tagangana a gidanmu, hannunta ya fi nawa sauƙi.